Sunayen Littattafan Dauri: Tambayoyin da Masu Karatu Suka Fi Yi

Tambayoyin nan na tsince su ne daga bakin mutane iri uku a nan Damagaram: ƴan lise da ɗaliban jami'a masu nazarin adabi, almajiran zaure masu ɗaukar karatun littattafai, da samari da ƴan mata da suka soma rubutu suna neman sunan da za su raɗa wa nasu. Kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata na nuna.

1. Malam, mene ne abin damuwa da sunan littafi? Ba abin da ke ciki ne ake nema ba?

Abin da ke ciki ake nema, amma sunan ma yana cikin abin da marubuci ya rubuta. Shi ne maganarsa ta farko da mai karatu, kuma sau da yawa shi kaɗai ke zama a kai bayan an manta sunayen mutanen labarin. Akwai dattawa da yawa a Birni da Zango da ba za su iya kawo maka labarin Jiki Magayi daga farko har ƙarshe ba, amma da ka ambaci sunan sun san gargaɗin da yake ɗauke da shi.

Marubutanmu na dauri sun tashi cikin al'ummar da ba a faɗin magana ɓaro-ɓaro in akwai hanyar sakaya ta. Saboda haka sukan ɗora wa suna nauyin jigo gaba ɗaya. Wanda ya tsallake sunan ya faɗa shafi na ɗaya, ya yi asarar abin da aka tanadar masa don ya riƙe a hannu yana karatu.

2. Waɗanne littattafai ake nufi in an ce na dauri?

Kashi uku nake nufi a nan. Akwai littattafan Larabci da ake karantawa a zaure, har da waɗanda malaman ƙasar nan suka wallafa kamar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Akwai rubutattun waƙoƙin Hausa, na ajami da na boko. Sai ƙagaggun labarai na boko, waɗanda suka kankama da gasar da Baturen ilimi Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Gasar ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Nakan haɗa da waɗanda suka biyo baya har zuwa farkon shekarun 1980, don su ma yanzu sun zama iyaye.

3. Me ya sa sunaye da yawa karin magana ne?

Saboda karin magana dukiya ce da marubuci da mai karatu suka gada tare. Bahaushe ba ya cika ƙarasa karin magana a zance. Zai ce "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta", ya yi shiru, kai ne za ka cika a zuci. Haka waɗannan sunaye suke aiki: marubuci ya ba da rabi a bango, mai karatu ya kawo sauran daga gida. Tun bai buɗe littafin ba an riga an sa shi cikin aikin.

Ɗauki Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Kowa ya san ana yi wa rogo kallon kitse, wato farinsa ya ruɗe ka ka zaci maiƙo ne. Labarin kuwa na saurayi ne da ya bar ƙauye ya tafi birni neman jin daɗi, ya ƙare cikin ɓarayi. Duk wanda ya ga yadda samarinmu ke barin gona su nufi Kano ko Agadas ko Libiya da zaton can ne arziki yake zube, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan suna. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, shi ma tun a bango ya yanke wa tauraronsa hukunci: duk zaƙin da Mailoma zai sha na ƙarfi da dukiya da tsoron da ake masa, mun san inda zai kwana. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne son ganin ta yaya. Tsumangiyar Kan Hanya kuwa, ragowarta "fyaɗe yaro, fyaɗe babba" ce, kuma wanda bai san ragowar ba zai ɗauka sunan wata sanda ce kawai.

Jiki Magayi ya fi su duka nauyi a wurina. Magana ce da ake faɗa wa mai taurin kai, cewa abin da kunne ya ƙi ji, jiki zai gaya masa. A labarin, Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainab wadda Abubakar ke so. Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. To, jikin wa ya gaya masa? Ɗalibai sukan yi saurin cewa na Malam Shehu. Amma Abubakar ma bai ci ribar ramuwarsa ba, kuma Kyauta ya ɗauki nauyin laifin da aka ƙulla tun ba a haife shi ba. Sunan bai nuna mutum ɗaya da yatsa ba, ya game su duka, kuma a nan ƙarfinsa yake.

4. Ruwan Bagaja fa? Me ya sa ba a kira littafin da sunan Alhaji Imam ba, tunda shi ne tauraro?

Domin ruwan ne igiyar da ta ɗaure labarin. Ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman, mijin uwar Alhaji Imam, ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka yi masa dariya a fada, Alhaji Imam ya ɗaura aniyar nemo ruwan don ya wanke Liman daga kunya. Daga nan sai yawo gari gari, da haɗuwarsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suna cutar juna suna ramawa. Mai karatu yakan shagala da wannan barkwanci har ya manta abin da aka fito nema. Sunan da ke bango ne ke tunatar da shi cewa akwai alkawarin da ba a cika ba tukuna. In da an kira shi da sunan tauraron, da sai ya zama tarin labaran ban dariya na wani mayaudari. Sunan ruwan ya mayar da shi labarin nema.

Abubakar Imam yana da shekara 22 kacal lokacin gasar, yana koyarwa a Katsina. Yau in abu ya yi wuyar samu, ko takin zamani ne ko gurbin aiki, sai ka ji an ce ya zama ruwan Bagaja, har a bakin wanda bai taɓa riƙe littafin ba.

5. Wane jari ake nufi a Magana Jari Ce?

Dubi wanda ke ba da labaran. Aku ne, tsuntsun da ba shi da gona, ba shi da takobi, ba shi da dangi a fada. Abin da ya mallaka bakinsa ne kawai. Da shi ya riƙa tsare ɗan sarki, Musa, da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon da Waziri ya ɗana, kuma da shi ya kai ga sarautar waziri. A littafi na uku har ɗansa Fasih yake koya wa sana'ar, kamar yadda attajiri ke danƙa wa ɗansa dukiya. Saboda haka sunan ba ado ba ne, tsarin littattafan uku ne a dunƙule. An buga su tsakanin 1937 da 1939.

Akwai kuma saƙon da ke fuskantar yaran makaranta da aka rubuta littafin dominsu: iya harshenka abin dogaro ne. Ina ganin wannan saƙo ya fi shafar mu a Nijar, inda yaro ke shiga lakwal a nuna masa cewa Faransanci kaɗai ke kai mutum wani matsayi. A 1939 ɗin ne kuma aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam yana editanta, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Sunan jaridar ya gaya maka farashinta, ya kuma gaya maka abin da za ka samu ya fi abin da ka biya.

6. Littattafai masu sunan mutum, kamar Shaihu Umar da Ganɗoki, su ma akwai abin nazari a sunansu?

Akwai, sai dai ya fi ɓoyuwa. Labarin Umar na yaro ne da aka sace, aka sayar, aka ƙetara da shi Sahara, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun bauta. Amma bangon bai ce Umar bawa ba, ya ce Shaihu. Littafin ma da haka ya buɗe: malami ne babba a gaban almajiransa, suka tambaye shi asalinsa. Tun kafin mu ga wahalar, an riga an shaida mana cewa ilimi da haƙuri sun fitar da shi. Wannan ya sauya yadda ake karanta kowane shafi na baƙin ciki a ciki. Mu da garinmu ya kasance zangon ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus, labarin ba na nesa ba ne.

Ganɗoki laƙabi ne na mutum mai ɗoki da rawar kai, kuma haka jarumin yake, daga yaƙi da Turawa har zuwa ƙasar aljannu, yana kirari yana cika baki. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi wannan hanya: sunan kansa kirari ne. Ka'idar da nake ba ɗalibai ita ce, in suna na mutum ne, a duba abin da aka liƙa masa, laƙabi ko sarauta ko nasaba, don a nan marubuci ya ajiye ra'ayinsa. Amsa ta 10 ta kawo misalin sarauta.

7. A zaure muna cewa Ahalari, Ishmawi, Askari. Sunayen littattafai ne ko na mutane?

Na mutane ne, almajirai suka mayar da su na littattafai. Ahalari taƙaitaccen littafin ibada ne na Abdurrahman al-Akhdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16. Ishmawi da Ƙurɗabi da Askari da Ajuruma duk haka suke, nasaba ko sunan mawallafi ne ya rinjayi sunan littafin. Jalalaini kuwa Jalal biyu ne, al-Mahalli da almajirinsa as-Suyuɗi, ɗaya ya fara tafsirin ɗaya ya kammala.

Wasu kuma siffarsu ce ta zama suna. Alfiyya ta Ibn Malik baiti wajen dubu ce ta nahawu. Ishiriniya da ake rerawa a watan Mauludi, wadda Alfazazi ya tsara, baiti ashirin ashirin ce ga kowane harafi, alhali sunan da aka san ta da shi a rubuce shi ne al-Wasa'il al-Mutaƙabbala. Burda ta Busiri ta samo sunanta daga mayafin da aka ruwaito ya yi mafarkin Manzon Allah (SAW) ya lulluɓe shi da shi ya warke. Ban ɗauki wannan a matsayin ɓata suna ba. Littafin da aka yi wa laƙabi littafi ne da aka zauna da shi shekara da shekaru, kuma kiran littafi da sunan mai shi ya dace da tarbiyyar zaure, inda ake tambayar a wurin wa ka karanta kafin a tambayi me ka karanta. Sai dai ya kamata almajiri ya san sunan asali, don ranar da zai nemi sharhi ko wani bugu.

8. Me ya sa sunayen asali na littattafan Larabci suke da tsawo, kuma kamar waƙa?

Al'adar mawallafa ce su gina suna gida biyu masu amsa-amo. Gida na farko yakan zama hoto ko yabo, na biyu ya faɗi fannin. Askari da muka ambata a amsa ta 7, cikakken sunansa Irshadus Salik ila Ashrafil Masalik fi Fiƙhil Imami Malik. Littafin tarihin da Muhammadu Bello ya rubuta a 1812 shi ne Infaƙul Maisur fi Tarikhi Biladit Takrur. Tafsirin Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa Liya'ut Ta'wil fi Ma'anit Tanzil. Amsa-amon yana taimaka wa hadda, a zamanin da littafi kwafin hannu ne, ganye ganye cikin gafaka, ba bango mai ɗauke da suna. Shi ya sa mawallafi kan saka sunan a cikin gabatarwa, bayan basmala da salati, ya ce "na sa masa suna kaza". Ko shafin farko ya yage, mai hadda ya riƙe.

Gidan farkon nan bai kamata a wuce shi da sauri ba. Bello ya kira aikinsa ciyar da abin da ya sawwaƙa, wato tawali'u ne na malami da ke cewa ga ɗan abin da na samu. Abdullahi ya yawaita fara sunayen littattafansa da Liya'u, haske, har da Liya'ul Hukkam da ya rubuta wa mutanen Kano kan shari'a da mulki. Shehu kuma da ya ce Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a, raya sunna da kashe wutar bidi'a, ai manufar gwagwarmayarsa duka ya faɗa cikin kalma huɗu.

9. Waƙoƙi fa, wa ke raɗa musu suna?

Sau da yawa jama'a ne. Tsofaffin waƙoƙin ajami sukan fara da basmala kai tsaye, sai masu rerawa su kira su da abin da kunne ya fi kamawa. Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci aka mayar da ita Hausa a gidansa, da kalmomin da ke rufe kowane baiti ake kiranta. Wasu da jigonsu ake kiransu, a ce waƙar kaza.

Inda mawaƙi ya zaɓa da kansa, zaɓin yakan yi magana. Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, ya kira dogon aikinsa Imfiraji, wato yayewar ƙunci. Waƙoƙin cike suke da zancen mutuwa da kabari da hisabi, amma sunan ya ce ƙarshen abin sauƙi ne ake fata, kuma ba mamaki da ya sa makafi da mabarata suka riƙe su suna rerawa ƙofa ƙofa. Gangar Wa'azu ta haɗa abu biyu da ba a saba gani tare ba, ganga da wa'azi: malamin yana cewa shi ma zai yi shela, amma tasa gangar kira ce zuwa ga tuba. Sa'adu Zungur ya yi nasa sunan tambaya, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya jefa wa sarakuna da ƴan boko zaɓi a gabansu. A wajen makaɗan baka kuma akwai Bakandamiya, waƙar da makaɗi ke wasa kansa ya nuna iyakar gwanintarsa. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa, don haka in an ce Bakandamiya sai a tambaya ta wa.

Tatsuniya ba ta da suna tsayayye. Kaka takan ce ga ta nan ga ta nanku, yara su ce ta zo mu ji ta, in suna son wata sai su ce a yi musu ta Gizo da Ƙoƙi ko ta Daskin-da-Riɗi. Kanun da ake gani a littattafai masu tattarawa ne suka ɗora su, kamar Frank Edgar da ya fara buga nasa a 1911.

10. Duk misalan daga Nijeriya suke. Mu a Damagaram ba mu da namu?

A Zariya aka wallafa yawancin na boko, shi ya sa. Amma muna da abin faɗa, kuma na farkonsa darasi ne kan abin da suna ke iya rufewa. A 1885 wani Bajamushe mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, ya buga Magana Hausa. Babban ɓangare na littafin daga bakin Dorugu ya fito, yaron Dambanas kusa da Kance, wanda aka kama bauta, aka ƴanta shi, ya bi Bajamushen matafiyi Heinrich Barth har Ingila. Tarihin rayuwarsa da ya bayar yana cikin tsofaffin labaran zube na Hausa da aka buga da boko. Sunan littafin ya ce maganar Hausa ce, bai ce ta wa ba. Ina so kowane ɗalibi a jihar nan ya san cewa mai maganar namu ne.

Abdoulaye Mamani, wanda ya yi siyasarsa a nan Damagaram, ya rubuta Sarraounia da Faransanci a 1980, kan sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ragowarta ta ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a shekarar. Ya bar sunan da Hausa, kuma sarautar ya sa a bango ba sunan yanka ba. Mai karatu a Faransa dole ya furta kalmarmu kafin ya shiga, mai karatu a nan kuma ya ji ana zancen kujerar da ta wuce mace ɗaya. André Salifou, haifaffen garin nan, ya kira wasan kwaikwayonsa Tanimoune, wato Tanimun sarkin Damagaram. Ga ɗan Damagaram wannan suna kaɗai ya isa ya tuno masa da ganuwa da igwa da zamanin da masarautar ta kai ƙarfinta.

11. In an tambaye ni a jarrabawa in yi sharhin sunan littafi, ta ina zan fara?

Fara da gane irinsa: karin magana ne, sunan mutum, sunan abu, ko tambaya. In karin magana ne, kawo shi cikakke, ka faɗi lokacin da ake amfani da shi a zance, sannan ka nuna wurare biyu ko uku a labarin da suka gaskata shi. Kada ka tsaya a kan mutum ɗaya, gwada sunan a kan kowane babban ɗan wasa kamar yadda aka yi da Jiki Magayi a amsa ta 3. In sunan abu ne, tambayi kanka me zai ɓace in an cire abin, kamar a amsa ta 4.

Kuskuren da malami ya fi gani a takardu shi ne ɗalibi ya ba da labarin duka, sannan a layin ƙarshe ya ce saboda haka sunan ya dace. Wannan ba sharhi ba ne. Kuma kana da damar cewa suna bai cika alkawarinsa ba, in kana da hujja daga cikin littafin.

12. Ina rubuta littafina na farko. In sa masa karin magana ne kamar na dauri?

In labarin ne ya kai ki ga karin maganar, sa shi. In kuwa kin ɗauko shi ne don ya yi daɗin faɗa, sannan kina tanƙwara labari ya bi shi, mai karatu zai gane. Balaraba Ramat Yakubu ta sa wa littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne, kuma duk wanda ya karanta ya ga yadda alhakin ya bi mai shi har gida. Gwajin da nake ba da shawara: ba wa mutum biyu rubutun ba suna, wata babba a gida da wata ƙawarki, ki tambaye su wace magana ta zo musu da suka gama. In abin da suka faɗa ya yi kusa da naki, kin samu. A duba kuma ko wani ya riga ya yi amfani da sunan, don karin maganar da ta fi shahara an fi rububinta.

13. Na nemi wasu littattafan a kasuwar Dole da intanet ban samu ba. Ko rubutun sunan ne matsala?

Yana iya zama shi. Tsofaffin bugu da jerin sunayen ɗakunan karatu sukan zubar da ƙugiya, su rubuta Gandoki da Karshen Alewa Kasa da Iliya Dan Maikarfi. Mu a Nijar muna rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, sannan ga rubutun Faransanci da ke mayar da Sarauniya Sarraounia, Tanimun kuma Tanimoune. A intanet a gwada da ƙugiya, a gwada babu, a haɗa da sunan marubuci. A wurin masu sayar da littattafan addini kuwa laƙabin zaure ya fi saurin aiki: ka ce Askari ko Iziyya, za a miƙo maka. Na boko irin su Magana Jari Ce galibi daga Kano ake kawo su, don haka in babu a tebur, a ba mai kanti sunan a rubuce tare da lambar littafin, na ɗaya ko na biyu ko na uku, ya haɗo da shi a sarinsa na gaba.